KYAMARA TA GA ƁARAWO, SAURA ALƘALI YA YARDA

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mutanen Gombe da ke neman abinci a nan Ikko da Badun da Fatakwal, yau za mu tattauna a kan wani abu da ya shigo yayi, watau kyamarar tsaro, wadda ake kira CCTV. Duk wanda Allah ya buɗa wa ya yi ɗan gini a gida, ko ya buɗe kanti ya bar ƙanensa a ciki, shawarar farko da abokai za su ba shi ita ce ya kafa kyamara. Yana zaune a Agege ko Alaba Rago, sai ya zaro waya daga aljihu ya ga ƙofar gidansa a Barunde, ya ga mai shiga da mai fita. Mutumin Gombe kuwa ba sai an gaya masa dalili ba. Sunan 'yan Kalare ya daɗe a bakin mutane, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi dogon bayani a kansu cikin wani rahoto nata na 2007, ga kuma bom ɗin da ya tashi a babbar kasuwar garin cikin watan Yuli na 2015, ana jajiberin ƙaramar salla.

Amma fa akwai tambaya guda wadda mai sayar da kyamara ba ya amsa ta, mai saye kuma ba ya yin ta sai bayan ɓarna ta auku. Ran da aka kama wanda ake zargi aka kai shi gaban majistare, shin hoton nan da kowa ya gani a waya zai tsaya a matsayin shaida? Yana iya tsayawa, yana kuma iya faɗuwa tun alƙali bai ɗora ido a kansa ba. Abin da ke raba biyun kuwa, galibi, shi ne abin da mai kanti da yaransa suka yi cikin kwana biyu ko uku na farko.

Mu ɗauka, alal misali, an fasa wani kantin kayan masarufi a Barunde da tsakar dare. Gari ya waye, yaron kanti ya je ga akwatin da ke naɗar hotuna, ya mai da shi baya, ga mutum biyu suna jidar kaya. Sai ya ɗaga wayarsa ya ɗauki fuskar talabijin ɗin, ya aika wa maigida a Ikko ta WhatsApp. Maigida ya tura wa dangi, dangi suka tura wa zauren unguwa, kafin azahar har wani ya yi jan zobe a kan fuskar ɗaya ya rubuta suna a ƙasa. 'Yan sanda suka kama mai sunan. Bayan wata huɗu aka zo sauraron shaidu, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙa waya. Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe tsaye ya ce, wa ya ɗauki wannan? Da wace na'ura? Ina asalinsa? Wa ya yi jan zoben? Aka koma kanti neman asali, sai aka tarar akwati ya riga ya shafe shi, domin irin waɗannan akwatuna in cikinsu ya cika sai su dinga ɗora sabo a kan tsoho, wani bayan mako ɗaya, wani bayan wata, gwargwadon girman faifan da ke ciki da yawan kyamarorin da ke zuba masa. Shi ke nan, an yi ba a yi ba.

DOKAR DA TA GIRME NA'URA

Dokar Shaida ta farko a Nijeriya Turawan mulki ne suka rubuta ta a 1943, ta fara aiki a 1945, ta kuwa yi shekara sittin da ɗoriya tana mulki a kotunanmu. A idonta shaida iri uku ce: mutum mai rai da zai yi rantsuwa, takarda da za a karanta, da abu da za a taɓa, kamar wuƙa ko bindiga. Tun a 1969 Kotun Ƙoli ta yi gargaɗi, a shari'ar kamfanin Esso da Oyegbola, cewa bai kamata doka ta rufe ido ga sababbin hanyoyin kasuwanci da kwamfuta ba, amma majalisa ba ta motsa ba. Har a 2009 sai da Babbar Kotun Tarayya a nan Ikko ta ƙi karɓar bayanin asusun banki a shari'ar tsohon minista Femi Fani-Kayode, don kawai kwamfuta ce ta buga shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta warware wannan hukunci a 2010, sa'an nan a 2011 aka yi sabuwar Dokar Shaida, wadda ake aiki da ita yanzu tare da gyaran da aka yi mata a 2023.

Sabuwar doka ta faɗaɗa ma'anar takarda, ta haɗa da faifai da kaset da fim da duk abin da ke ajiye hoto ko murya. Ta kuma faɗaɗa ma'anar kwamfuta, har ta zama duk wata na'ura mai ajiye bayani da sarrafa shi. Saboda haka akwatin nan da ke ƙarƙashin kanta a Barunde, a wurin doka, kwamfuta ne, wayar yaron kanti ma haka. Kofar da hoto zai bi ya shiga kotu ita ce sashe na 84.

Abin da sashen nan ke nema bai taka kara ya karya ba, in mutum ya san shi da wuri. Yana so a tabbatar wa kotu cewa na'urar dama aikinta ke nan yau da kullum, ba a ranar aka jawo ta don wannan magana ba. Cewa irin wannan hoto ta saba karɓa. Cewa lafiyarta ƙalau a lokacin, ko kuwa in ta yi ciwo, ciwon bai taɓa abin da aka kawo ba. Kuma cewa abin da ke gaban alƙali daga cikinta ya fito. Ana tabbatar da haka ta hanyar takardar shaida wadda mai kula da na'urar, ko mai kula da wurin, zai sa wa hannu, ya faɗi irin na'urar da yadda aka kwafo hoton. Ko kuwa shi da kansa ya zo kotu ya yi bayani da baki. Doka ba ta ce sai injiniya ba. Ta ce ya isa mutum ya faɗi iyakacin saninsa da abin da ya gaskata.

Abin mamaki, shari'o'in da suka share wannan hanya duk na zaɓe ne, kuma duk daga Jihar Bayelsa. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson, an kawo takardun da aka bugo daga shafin intanet na jaridar Punch da na hukumar zaɓe, lauya ya miƙa su haka siddan ba tare da wani ya yi bayanin na'ura ba, Kotun Ƙoli ta ce ba su shiga. A 2016 kuma, a shari'ar Dickson da Sylva, an kawo faifan bidiyo na gidan talabijin na Channels da takardar shaidarsa cif, kotun zaɓe ta karɓa, amma ta ƙi a kunna shi, wai ita ma na'urar da za a kunna shi da ita sai an kawo mata takarda. Kotun Ƙoli ta ce a'a, wannan ya zama neman wahala. Faifan da ya riga ya shiga, a kunna shi a gani. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu alƙalan ƙasa ke tafiya, har a shari'ar sata da fashi da kisan kai.

MAIGADI SHI NE BAKIN KYAMARA

Da yawa daga masu karanta wannan shafi aikin gadi suke yi a gidaje da ma'aikatu, kuma sau da yawa talabijin ɗin kyamara a ɗakin maigadi yake. To, Malam, ka sani cewa ran da wani abu ya faru, kai ne za a fara tambaya, domin kyamara ba ta rantsuwa, lauya ba shi da ikon yi mata tambayoyin ƙure, sai dai ya yi wa mutumin da ke tsaye a madadinta. Za a tambaye ka ko an ɗauke wuta a daren, ko an tayar da janareta, da ƙarfe nawa, wa ke riƙe da makullin ɗakin, wa ya san lambar sirri. Abin da ka sani ka faɗa, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada kuma ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ita da Hausa ba, ko da maigida ne ya ce ka dangwala.

Akwai kuma maganar agogo, wadda mutane ke rainawa alhali ta sha kayar da shari'a. Lambobin nan da ke kusurwar hoto, na rana da sa'a, ba daga sama suke sauka ba. Wanda ya kafa akwati ne ya saita su. A ƙasar da ake ɗauke wuta dare da rana, in ɗan batirin da ke riƙe agogon ya mutu, akwati yakan farka da wata shekara dabam. In hoto ya ce ƙarfe biyu na dare, wanda ake tuhuma kuma ya kawo shaidu cewa ƙarfe biyu yana tashar Dukku yana jiran mota, dole a san ko agogon daidai yake. Maganinsa mai sauƙi ne: a ranar da za a kwafi hoton, a dubi agogon akwati, a dubi na waya, a rubuta bambancinsu, mutum biyu su sa hannu. Sa'an nan a kwafo daga cikin akwatin kai tsaye zuwa sabon filashi, a haɗa da sa'o'in da suka gabata da waɗanda suka biyo baya, kada a yanko minti biyun da suka yi wa mai kanti daɗi kawai. In 'yan sanda za su tafi da akwatin, a nemi takarda mai sunan wanda ya karɓa da kwanan wata. WhatsApp kuwa yakan matse bidiyo ya rage masa kyau, don haka wanda ya zaga wayoyi goma ba ya zama asali.

DARASIN FAROUK LAWAN

Shigar hoto kotu abu ɗaya ne, nauyin da alƙali zai ba shi wani abu ne dabam, kuma babu shari'ar da ta nuna haka kamar ta Farouk Lawan, wanda ya wakilci Bagwai da Shanono ta Jihar Kano a Majalisar Wakilai. A 2012, bayan tarzomar janye tallafin mai, shi ne ya shugabanci kwamitin da ya binciki kuɗin tallafin. Attajirin nan Femi Otedola ya ce Farouk ya nemi dala miliyan 3 don a cire sunan kamfaninsa na Zenon daga jerin masu laifi, ya ce kuma ya sanar da hukumar tsaro ta farin kaya, aka kafa ɓoyayyar kyamara a gidansa na Abuja, aka ba shi dala 500,000. An gurfanar da Farouk a 2013. Da aka zo shaida, jami'in hukumar da ya san yadda aka ɗauki bidiyon shi ya zo ya tsaya masa, aka kunna shi a kotu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Farouk bai musa karɓar kuɗi ba. Cewa ya yi ya karɓa ne don ya riƙe su a matsayin hujja, ya tona asirin mai ba da cin hanci. Kyamara ta ga hannu ya miƙa, ta ga hannu ya karɓa, amma ba ta ga zuciya ba. Saboda haka sai da kotu ta koma ga shaidu masu rai, ta saurari Otedola kansa, ta dubi abin da ya faru a zauren majalisa sa'ad da aka cire sunan kamfanin, ta dubi abin da Farouk ya yi da kuɗin bayan ya fita, sa'an nan ta ƙi yarda da bayaninsa. Ran 22 ga Yuni, 2021, Mai Shari'a Angela Otaluka ta ɗaure shi shekara bakwai. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke tuhuma biyu daga cikin uku, ta ce ba a tabbatar da maganar neman dala miliyan 3 ba, ta bar ta karɓar dala 500,000, ta mai da ɗaurin shekara biyar. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Janairun 2024, ya kuma fito daga gidan yarin Kuje cikin Oktoban shekarar. Shekara tara ke nan tsakanin ɗaukar bidiyo da hukuncin farko, a shari'ar da 'yan teburin mai shayi suka yanke tun ranar da labari ya fito.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna magana a kan ƙarina, watau alamar da ke nuni ga gaskiya, irin rigar Annabi Yusufu da aka tarar ta yage ta baya. Alama tana ƙarfafa hujja, alƙali kuma shi ke auna ta. A dokar ƙasa ma, kotun yanki da ke sauraron shari'ar laifi wajibi ne ta bi ƙa'idar cewa nauyin tabbatarwa yana kan mai ƙara, har sai shakka ta kau.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Haɗarin da ya fi damuna game da mutanenmu da ke Kudu shi ne na kama. A 1999 wasu masana a Jami'ar Glasgow ta Birtaniya sun yi gwaji: suka nuna wa mutane bidiyon kyamarar tsaro mai dishi-dishi na malaman jami'ar suna shiga gini. Ɗaliban da suka san malaman suka gane su ba wuya. Waɗanda ba su san su ba, har da ƙwararrun 'yan sanda, suka yi ta kuskure. Ma'ana, a Barunde, inda mai unguwa ya san kowa da tafiyarsa, ganewa daga hoto tana da ɗan ƙarfi, ko da yake can ma ƙiyayya takan sa ido ya ga abin da yake so. Amma a Ikko, inda ake kiran mai ruwa da mai gyaran takalmi da ɗan acaba duk da suna ɗaya, hoton dare na mutum mai doguwar riga da hula zai iya hawa kan mutum dubu.

Na'urar gane fuska ma ba ta raba gardama ba. A 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori masu yawa, ta tarar sun fi yin kuskure a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na gabashin Asiya. A Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa, don kwamfuta ta ce shi ne a bidiyon wani kantin agogo da aka yi wa sata. Ya yi wajen sa'a 30 a tsare kafin a sake shi, ba kuwa shi ba ne. Don haka wanda aka tuhume shi da hoto ya san haƙƙinsa. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, ya kuma ba shi lokaci da abin da zai shirya kāriyarsa, kuma a ƙarƙashin wannan ne lauyansa zai nemi a ba shi bidiyon gaba ɗaya.

Gaba ɗaya na ce, domin abin da ba a nuna ba yakan fi abin da aka nuna magana. Mazauna Ikko ba su manta da daren 20 ga Oktoba, 2020, a ƙofar karɓar kuɗi ta Lekki ba. Kamfanin da ke kula da wurin ya kai wa kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi bidiyon kyamararsa, amma ya ce ta daina ɗauka wajen ƙarfe 8 na dare. Rahoton kwamitin na 2021 ya zargi kamfanin da taɓa bidiyon, gwamnatin jiha kuma ta ƙi amincewa da sassa masu muhimmanci na rahoton. Kwamiti ba kotun laifi ba ne, amma Dokar Shaida ta tanadi irin wannan: sashe na 167 ya ba alƙali damar ya ɗauka cewa shaidar da mutum ke da ikon kawowa ya ƙi, da an kawo ta, da ta cuce shi. Mai kantin da ya kawo hoton kyamara ɗaya alhali huɗu ya kafa, ya shirya amsa.

Wasu lauyoyi suna kukan cewa sashe na 84 ya zama tarko, masu laifi na kuɓuta don an manta da takarda guda. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ban goyi bayan a soke shi ba. Ingila, inda muka aro shi, ta soke irin nata a shari'ar laifi a 1999, kotunanta suka koma ɗaukar cewa kwamfuta daidai take sai an nuna akasi. Daga shekarar zuwa 2015 aka hukunta ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya da laifin sata, bisa lissafin wata kwamfuta mai suna Horizon, wadda daga baya aka gano kuskure take yi. An ɗaure wasu, wasu sun tsiyace, sai a 2024 majalisarsu ta yi doka ta wanke su. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda yaro zai iya ɗora fuskar wani a jikin wani da ita. Masu binciken na'ura suna da dabara a kan haka: sukan sa kwamfuta ta lissafa wa bidiyo wata doguwar lamba tun ranar da aka kwafo shi, kamar hatimi, in an taɓa ko ɗigo ɗaya lambar sai ta canja. Amma hatimin ba ya amfani sai in asalin yana nan.

Inda kyamara ta fi cin sunanta shi ne wajen nuna wa 'yan sanda hanya. Ran 5 ga Afrilu, 2018, 'yan fashi suka auka wa garin Offa na Jihar Kwara, suka far wa ofishin 'yan sanda da bankuna biyar, suka kashe fiye da mutum 30. Kyamarorin bankunan sun ɗauki fuskokin wasunsu, 'yan sanda suka baza hotunan, kafin wata biyu aka kama wasu daga cikin masu fuskokin. Ɗaya daga waɗanda aka kama, wani korarren ɗan sanda mai suna Michael Adikwu, ya mutu a hannun hukuma tun ba a fara sauraron shaidu ba. Sauran biyar aka gurfanar da su a Babbar Kotun Ilori a ƙarshen shekarar, aka yi ta kai da komo, sai ran 24 ga Satumba, 2024, Mai Shari'a Halima Salman ta yanke musu hukuncin kisa.